Shin za a iya ɗaure jami'in gwamnati da ya karya doka da gangan?

Malam, ka ce wani jami'i a Daura ya raba wa 'yan uwansa rumfunan kasuwa alhali ya san doka ta hana, kuma ana ce maka ma'aikacin gwamnati ba ya taɓuwa. Ba haka ba ne.

Kariyar hana gurfanarwa a kotu da ke sashe na 308 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ta shugaban ƙasa ce da gwamnoni da mataimakansu kawai, ita ma muddin suna kan kujera. Tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame an yanke musu ɗauri a 2018, ko da yake an yi musu afuwa a 2022. Kansila ko darakta ko shugaban ƙaramar hukuma ba su da wannan rigar.

Abin da ka bayyana ya faɗa ƙarƙashin sashe na 19 na dokar ICPC (hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa) ta 2000: jami'in da ya yi amfani da muƙaminsa ya amfanar da kansa ko danginsa, hukuncinsa ɗaurin shekara 5, babu zaɓin tara. Wahalar tana wajen hujja, domin kotu ba ta aiki da "an ce". Ka tattara takardun rabon rumfunan da rasit da shaidun da za su tsaya gaban alƙali, sannan ka rubuta ƙorafi zuwa ICPC.

Don Allah kada ka fara da kiran sunansa a Facebook. Mutane da dama sun koma waɗanda ake tuhuma da ɓata suna ta wannan hanyar. In kuma diyya kake nema, ka ga lauya da wuri, saboda ƙarar ma'aikacin gwamnati kan aikinsa yawanci wa'adin wata 3 gare ta.