Tambaya da Amsa: Kwana 6 za su ishe mu yawon gaɓar tekun Kalifoniya da duwatsunta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a nan Amurka, zan samu hutun kwana 6 a watan Yuli, ni da maiɗakina da yaranmu 2 muna son zuwa Kalifoniya, mu ɗauki hayar mota a San Faransisko mu bi titin nan na bakin teku har Los Anjalas, mu leƙa gandun dajin Yosemite, in da hali mu ga manyan bishiyoyin nan, yara kuma su yi wanka a teku. Dan Allah kwanakin za su isa? Me ya kamata mu shirya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Toh gaskiya kwana 6 za su isa amma fa sai ka rage buri, don yadda ka jero su ɗin nan taura biyu ce kake son taunawa lokaci guda, in ka dage sai kun je ko'ina za ku ƙare hutun a cikin mota, yara na kuka kai kana sauri, ku dawo a gajiye ba ku ga komai ba. Ni shawarata ka cire Los Anjalas gaba ɗaya, ka ba bakin teku kwana 3, Yosemite kwana 2, ɗayan kuma hanya ce za ta cinye shi.

Titin da kake nufi shi ne Highway 1, kuma inda ake yi dominsa shi ne yankin Big Sur, daga Carmel zuwa San Simeon, wajen kilomita 145. A taswira sai ka ga kamar tafiyar awa 2 ce, wallahi ba haka ba ne, titi ne siriri mai hannu biyu da aka sassaƙa a jikin duwatsun Santa Lucia, dutse a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma rami ne har zuwa tekun Fasifik, kwana bayan kwana, ga shi duk ɗan motsi sai ranka ya ce ka tsaya ka kalla. Ka ba shi wuni guda cur. Da ka ce daga arewa za ka taso ka yi daidai, tunda a Amurka hannun dama ake tuƙi, mai gangarowa kudu shi ne yake ɓangaren teku, wuraren tsayawa suna gefensa ba sai ya tsallaka titi ba. Za ku wuce gadar Bixby da aka gama a 1932, sai ruwan McWay da yake zubowa daga saman dutse wajen mita 24 ya faɗa bakin teku, can kusa da San Simeon kuma akwai Piedras Blancas inda wasu ƙattan dabbobin teku masu dogon hanci suke kwanciya a kan yashi birjik, kallo kyauta ne, kuma ina tabbatar maka nan ne yaranka za su fi jin daɗi.

Abin da nake so ka riƙe da kyau, titin nan ƙasa tana yawan zaftarewa ta rufe shi. A watan Mayun 2017 dutse ya rufto a Mud Creek, ba a buɗe wurin ba sai Yulin 2018, bayan nan ma an sha rufe wasu sassan na tsawon watanni. Don haka kafin ka biya kuɗin otal ka shiga shafin Caltrans, hukumar hanyoyin jihar, ka duba, ranar tafiya ma ka sake dubawa, saboda in ka iske an rufe ba wata ƴar kwana da za ka zagaya, komawa baya za ka yi. Ka cika tanki tun daga Monterey, gidajen mai a Big Sur kaɗan ne kuma tsadarsu ta yi yawa, sabis ɗin waya ma ɗaukewa yake, ka sauke taswira a wayarka tun kana gari.

Maganar wanka kuwa, a nan zan ɗan tsawata maka. Ruwan tsakiyar Kalifoniya sanyi ne da shi ƙwarai ko a Yuli, saboda daga arewa yake gangarowa, kuma shi ne yake jawo hazon da ke lulluɓe gaɓar da safe a wannan lokacin, ku tafi da rigunan sanyi kar sunan jihar ya ruɗe ku. Sannan akwai igiyar ruwan da take zuwa ba sallama, teku na kwance lafiya lau sai wata ta taso ta wuce inda sauran suke tsayawa ta ja mutum, ta kashe mutane da dama masu ɗaukar hoto a kan duwatsu. Kar ku juya wa teku baya, kar ka saki hannun yaro. In dole sai sun taɓa ruwa ku je Santa Cruz inda akwai masu ceto a bakin aiki.

Yosemite kuma cunkoso ne matsalarsa a Yuli, ku kama masauki tun yanzu, ku duba ko shekarar ana buƙatar rajistar shiga, ku isa ƙofa da sassafe. Ruwan Yosemite da yake zubowa daga saman dutse mai tsawon mita 739 daga narkewar dusar ƙanƙara yake samuwa, ƙarfinsa a Mayu da Yuni ne, zuwa Agusta sau da yawa ya ƙafe, to a farkon Yuli za ku iya samun saura. Bishiyoyin da kake so ba sai ka yi wata doguwar tafiya ba, Mariposa Grove na cikin gandun. Kar ku bar abinci a mota da dare, beyar tana fasa mota ta ɗauka, akwai akwatunan ƙarfe da aka tanada don haka kuma doka ce. Dokar jihar ta kuma ce yaron da bai kai shekara 8 ba sai a kujerar yara a bayan mota, ka faɗa wa kamfanin haya tun wuri.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni na iya mota amma ban taɓa tuƙi a hanyar dutse ba, ƙawayena sun ce ni zan ja mu zuwa Yosemite, gabana faɗuwa yake.

AMSA: Lafiya lau ƴar'uwa, tsoron nan naki shi ne zai sa ki kula, ba abin kunya ba ne. Babban abu shi ne gangara, kar ki ɗora ƙafa a birki ki bar ta, birki yana zafi ya daina ci, ki sa mota a ƙaramar giya injin ya riƙe ta, ko otomatik ce tana da wannan. Ki rage gudu kafin ki shiga kwana ba a tsakiyarta ba. In motoci sun taru a bayanki kar ki ruɗe ki ƙara wuta, akwai wuraren raɓewa a gefen hanya, dokar Kalifoniya ma ta ce in 5 suka jeru bayanki a titi mai hannu biyu ki raɓe su wuce. Ban ba ki shawarar tuƙin dare ba ko kaɗan, ba fitilu ga barewa na tsallakawa. In kuna son titin Tioga da ke ratsa gandun ta saman duwatsu, wanda ya haura mita 3,000, ku sani dusar ƙanƙara tana rufe shi daga wajen Nuwamba har ƙarshen Mayu ko Yuni, a can sama kuma iska ba ta da kauri, za ku ji haki da ɗan ciwon kai, ku yawaita shan ruwa. In kuma kin ji hankalinki bai kwanta ba, akwai bas ɗin YARTS da ke shiga gandun daga garin Merced, ku ajiye motar a can ku hau.