Zuwa magangarun ruwa na tsaunukan Smoky da kare

Malam, ka tambaya ko kai da iyali za ku iya kai karenku magangarun ruwan gandun Great Smoky Mountains da ke Amurka. Ba za ku iya ba, domin hanyoyin ƙafa 2 kaɗai aka yarje wa karnuka, ta Gatlinburg da ta kogin Oconaluftee, saboda kare yana tayar da namun daji.

Gara ku nufi dajin DuPont kusa da garin Brevard a Karolina ta Arewa, inda kare zai iya raka ku har magangarar ruwa ta Triple Falls muddin yana ɗaure da igiya. Sai dai a riƙe shi da yara sosai, domin na ga yadda duwatsun bakin ruwan suke da santsi, musamman bayan an yi ruwan sama.