Amsa ga Maman da ke tambaya kan kircin ɗanta

Maman yaro, sannu da ɗawainiya. Kin ce gwiwa da kumatun ɗanki sun yi ja, yana sosawa har da dare, kuma kina tambaya wane mai ya fi.

Wani bincike da aka yi a Ingila, wanda aka buga a 2022, ya gwada nau'ikan man shafawa huɗu a kan yara 550 masu kirci, daga mai ruwa-ruwa har mai kauri, bai ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen sauƙaƙa kircin. Wanda yaron zai yarda ki shafa masa kullum, shi ne naku. Ni da hunturu basilin nake shafa wa 'yata, da zarar na fito da ita daga wanka jikinta da ɗan danshi. Ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, a bar soso da sabulu mai ƙamshi. A yanke masa farce.

In wurin ya yi zafi sosai, likita kan ba da maganin shafawa mai suna hydrocortisone na 'yan kwanaki. Amma don Allah ki guji man nan mai haɗin magani uku na kemis. Yana sa fatar yaro ta yi siriri. In kin ga ruwan ɗiwa ko zazzaɓi, ku tafi asibiti.