Mutanen da ka gani tsaye shiru a Birmingham

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar. Ka ce ka ga wasu tsofaffin Turawa jere a tsakiyar gari cikin sanyi, riƙe da kwalaye masu kiran zaman lafiya, ba waƙa ba ihu, har wata tsohuwa ta gayyace ka ɗakin taronsu ka taya su raba abinci ga 'yan gudun hijira. Kana tambaya wace irin al'ada ce wannan, kuma ko ya dace ka je.

'Yan Kweka ne, amma su "Abokai" suke kiran junansu. Ɗariƙa ce da ta ɓalle daga cocin Ingila wajen 1652 a hannun George Fox, ɗan wani masaƙi. Na san su ne sanda nake karatu a garin nan da kake, don matar da ta ba ni hayar ɗaki tasu ce, kuma sau biyu na bi ta taron Lahadi don ganin ƙwaf.

Kujeru ne aka zagaya, da ɗan tebur a tsakiya. Ba fasto, ba mumbari, ba kiɗa. Aka zauna shiru, ina jin tafiyar agogon bango da kukan cikina, kunya duk ta kama ni. Can wani tsoho ya miƙe ya yi magana jimla uku kan wani fursuna da yake ziyarta, ya koma ya zauna, ba wanda ya tanka. Da awa ta cika dattawa biyu suka yi musabaha, taro ya tashi, aka kawo shayi. Shirun da ka gani a titi shi ne wannan, fito da shi kawai suka yi bainar jama'a.

Aƙidarsu ita ce kowane ɗan Adam yana ɗauke da wani haske daga Allah, saboda haka ba a kashe shi, ba a wulaƙanta shi. Shi ya sa na farkonsu suka ƙi cire hula ga masu mulki, suka ƙi rantsuwa a kotu wai mutum magana ɗaya gare shi, aka cika kurkuku da su. A 1660 suka shaida wa Sarki Charles na biyu cewa ba za su ɗauki makami ba. Wanda ya kwana a kurkuku kuwa ya san warinta, don haka har yau ziyarar fursunoni na cikin aikinsu. Elizabeth Fry, mai fafutukar gyaran kurkuku da ta ziyarci sashen mata na kurkukun Newgate a London a 1813, tasu ce.

In ka samu sarari, hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Bournville. Iyalan Cadbury masu cakulan, 'yan Kweka, su suka kai masana'antarsu can a 1879, daga baya suka gina gidaje masu lambu da makarantu, suka ƙi gina gidan giya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke yanke shawara. Ko kan gyaran rufi ne ko kan buɗe wa baƙi ɗakinsu, ba sa ƙuri'a. Ana ta sauraro har magatakarda ya rubuta abin da yake ganin hankalin taro ya kwanta a kai, ya karanta, in an amince shi ke nan. Sai ka rantse zaman dattawa ne a zauren mai unguwa. Akwai ɓata lokaci kam, mai gidan nan tawa ta kan dawo tana mita.

Kada ka ɗauka ba abin da ya haɗa mu da su. A yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970, wani ɗan Kweka mai suna Adam Curle da abokan aikinsa sun yi ta kai saƙo tsakanin Gowon da Ojukwu. Ba su suka tsayar da yaƙin ba, amma ɓangarorin biyu sun yarda su shigo su fita. Curle ne ya zama farfesan farko na nazarin zaman lafiya a jami'ar Bradford a 1973.

Ni dai ban yarda da su a komai ba. Mutumin da 'yan bindiga suka kore wa shanu suka ƙone masa rumbu, ban ga bakin da zan ce masa kada ya kare gidansa ba. Sai dai ba tsoro ke hana su yaƙi ba: a 1914, a yaƙin duniya na farko, suka kafa ayarin motocin ɗaukar masu rauni, samarinsu suka shiga fagen daga hannu rabbana.

Ka je. Ban taɓa ganin sun ja wani zuwa addininsu ba, kuma in lokacin salla ya yi ka faɗa musu, za su nuna maka wuri. Abu ɗaya zai ba ka wahala: ba sa son laƙabi. Tsohuwar nan sa'ar kakarka za ta ce ka kira ta da sunanta tsurarsa, ni sai da na yi wata uku bakina bai iya ba. Kuma in an gama cin abinci kada ka zame, kowa wanke kwano yake yi, har likitan cikinsu.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi.