Amsa ga mai tambaya kan sunan "Bawa" da asalin sunayen gidajenmu

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya, inda ka ce sunan gidanku Bawa, wani abokin aikinka kuma ya ce maka wai alama ce kakanninku bayi ne, abin ya tsaya maka a rai, har kana shawarar ko ka cire wa 'ya'yanka shi a takardun makaranta. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a firamare, rabinsu ni ke riƙe da rajistar ɗaukar yara, don haka da hannuna na rubuta sunaye da yawa da yau suka zama sunan gida.

Kada ka cire. Sunan Bawa yana da hanyoyi da dama, kuma wadda abokinka ya kama ita ce mafi rauni. Akwai Bawa na mai wabi, matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana. Idan ta sake haihuwa sai a sa wa yaron laƙabin da ke nuna kamar ba a damu da shi ba, Bawa ko Ajuji ko Ajefas, da fatan ya tsaya. Wannan suna ne na uwar da ta sha kuka, ba na kasuwar bayi ba. Akwai kuma Bawa da ke laƙabin Abdullahi, tunda ma'anar sunan ke nan, bawan Allah. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, wanda ya yi mulki a Alƙalawa a ƙarshen ƙarni na 18 zamanin Shehu ɗan Fodiyo na wa'azi, waye ya mallake shi? Ba na cewa ba a yi bauta a ƙasar nan ba, an yi, kuma ko da ta tabbata a kan wani gida ba abin kunya ba ne ga jikoki. Amma sunan shi kaɗai ba hujja ba ne.

Abin da nake so ka gane shi ne, Bahaushe bai gaji sunan dangi irin na Turawa ba. Mutum da sunansa na yanka, sai na mahaifinsa, sai laƙabi, in ya yi tafiya a haɗa masa da garinsu. Kowane ɗa da uban da ake jingina shi gare shi, ana sauka tsara ɗaya sunan ya sauya. Shehu kansa ɗan Fodiyo ne saboda mahaifinsa Muhammadu ana ce masa Fodiyo, wato malami da Fulatanci, amma ba wanda ya kira ɗan Shehu, Muhammadu Bello, da Fodiyo. Makarantar boko da aikin gwamnati su suka zo da gurbi biyu a takarda suka ce dole a cike.

Dubi manyanmu na farko. Mahaifin Abubakar Tafawa Ɓalewa sunansa Yakubu, Tafawa Ɓalewa garinsu ne a ƙasar Bauchi. Mahaifin Malam Aminu Kano sunansa Malam Yusufu. Shehu Shagari ɗan Aliyu ne, Shagari ƙauyensu ne. Sardauna ma a Kwalejin Katsina Ahmadu Raɓa aka san shi, daga baya ya ɗauki Bello, sunan kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Dalilin a fili yake: aji guda Muhammadu bakwai, Abubakar biyar, da me malami zai bambance su in ba da gari ba? Ga kuma kunya, yaro ba ya iya buɗe baki ya faɗi sunan ubansa gatsau. Haka aka samu Zungur, Kaita, Gumi, Gusau, Rimi, har zuwa Kwankwaso da Ganduje na zamaninmu. Na cikin birni kuma suka ɗauki unguwa, irin su Yakasai a Kano da 'Yar'aduwa a Katsina, wadda ita ma daga itacen aduwa ta samo suna.

Wannan kunyar na gan ta da idona ba sau ɗaya ba. Ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya muna zaune gindin darbejiya da tebur, yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne, mu ce ya isa. Sai in ce, sunan babanka? Ya ce Baba. In juya ga uwar, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai ka san maigidan." Ba za ta faɗa ba ko za a kwana. Sai wani dattijo a gefe ya ce, ɗan gidan Wanzam ne, ko jikan Maigoro ne, ko na gidan Liman. Abin da ya fito daga bakin dattijon nan shi nake rubutawa, shi zai bi yaron zuwa sakandare, ya hau takardar jarrabawa, ya hau katin aiki. Yau 'ya'yan yaran nan suna jami'a suna amsa Wanzam da Maigoro, ba su taɓa riƙe aska ba, ba su san huhun goro ba. Sunayen sarauta ma ta nan suka shigo, Galadima, Ciroma, Madaki, Waziri, ko da sarautar ta bar gidan tun tuni.

Sai waɗanda asalinsu laƙabin haihuwa ne, su ne suka fi daɗin bincike a wurina, domin kowanne yana ɗauke da labarin ranar da aka haifi wani kaka. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata. Gambo mabiyin tagwaye ne. Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba, Talle kuma maraya ne tun yana jariri. Shekarau ya daɗe a ciki. Cindo ya zo da yatsa shida. Nomau ɗan lokacin noma ne, Sallau ɗan ranar salla, Balarabe ɗan Laraba, ba wai daga Makka ya zo ba kamar yadda wasu yara ke zato. Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu har zuwa Ashiru ƙirga ce ta Larabci, Muhammadu na biyu, na uku, na huɗu, na biyar. Dikko da Sambo daga Fulani muka aro, ɗan fari da mai bi masa. Wasu kuma inkiya ce ta sunan yanka, Garba ga Abubakar, Sanda ga Umaru, Maitama ga Yusufu. Har gidan da ya fi kowane shahara a kasuwancin Kano, na Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, mahaifinsa Abdullahi ne, Tata kuwa tsohuwar da ta rene shi ce. Sunan mai reno ya zama sunan zuri'a guda, kuma ba wanda ya ji kunyarsa.

'Yan'uwanmu da suka yi zamansu a Makka da Madina tun tafiyar ƙafa, can ƙabila ce ta zama musu sunan gida, shi ya sa kake jin Hausawi da Barnawi da Fallata.

Inda nake so ka yi hattara shi ne maganar sauyawa, don ni ta ci ni. Mu uku ne uwa ɗaya uba ɗaya. Yayana aka rubuta shi da sunan mahaifinmu, ni da sunan ƙauyenmu, ƙanenmu da laƙabin kakanmu, saboda hedimasta uku ne suka ɗauke mu a shekaru daban-daban. Ba mu taɓa ganin aibin haka ba sai da yayana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, na tashi bin haƙƙinsa na fansho domin marayunsa. Ma'aikacin ya kalli takarduna ya kalli nasa ya ce ba abin da ya haɗa mu. Wata bakwai ina zirga-zirga, takardar rantsuwa a kotu, wasiƙar mai unguwa, ta dagaci, ta hakimi, yaran kuma suna gida an koro su kan kuɗin makaranta. Yanzu da aka ɗaure komai da katin ɗan ƙasa da lambar BVN da rajistar JAMB, harafi ɗaya ya saɓa sai yaro ya rasa gurbin karatu. In ka cire Bawa daga takardun 'ya'yanka alhali yana kan naka, wahalar da na sha ita kake ajiye musu.

Ni shawarata, ka rubuta sunan yaro, sai naka a tsakiya, sai Bawa a ƙarshe, iri ɗaya ga dukkansu har rubutun haruffan, mata da maza. Ta haka ka bi umarnin aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta kiran 'ya'ya da iyayensu, ka kuma cike gurbin da takarda ke nema. 'Ya'yanka mata in sun yi aure su riƙe abinsu, babu dalilin sauya shi da na miji.

Sannan ka yi abin da ni na yi sakaci da shi har na makara. Yawancin sunayen nan ba su wuce tsara uku ko huɗu ba, wanda ya san Bawa na farko ido da ido mai yiwuwa yana nan da rai. Ka nemi gwaggonka mafi tsufa, tsofaffi mata sun fi maza riƙe irin wannan. Ka tafi da goro da turmin atamfa, kada ka je a tsaitsaye, ka kwana. Kada ka fara da tambayar ma'anar suna, ka ce ta ba ka labarin uwar Bawa: 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka tsaya, shi na nawa ne, mene ne sunansa na yanka, daga wane gari suka taso. Ka kunna wayarka ka ɗauki muryarta. In ka dawo ka ba mu labarin abin da ta ce, ina jira.