Hukuncin Buga Misali Da Koyar Da Nazariyya A Aji

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, da yamma kuma ina koyarwa a Islamiyya. Wasu dattawa sun ce buga wa yara misali ƙari ne a addini, nazariyyar kimiyya kuma, wato bayanin da masana ke bayarwa kan yadda abubuwa ke faruwa, zato ce kawai. Mene ne hukunci?

Amsa: Malam, Allah Ya yi wa karatu albarka. Buga misali halal ne, kuma hanya ce da Alƙur'ani ya bi. A Suratul Baƙara, aya ta 261, Allah Ya misalta ciyarwa domin Sa da ƙwaya ɗaya da ta fitar da zangarniya bakwai, kowace zangarniya da ƙwaya ɗari. Ɗan da ya tashi a gonar gero ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Suratul Ankabut, aya ta 43, ta ce masu ilimi ne ke fahimtar misalai.

Inda ake yin kuskure shi ne a buga misali a bar shi haka. Kowane misali yana da wurin da ya yi kama da abin da ake nufi, da wurin da ya saɓa, kuma dole ka faɗa wa ɗalibai duka biyun. Annabi (SAW) ya kamanta salloli biyar da ƙorama a ƙofar gida, mutum na wanka a ciki sau biyar kullum. Kamannin yana wajen wanke dauɗa. Sai ka ƙara da bayanin malamai cewa ƙananan zunubai ake nufi, haƙƙin mutane sai an mayar. In ka yi shiru, yaro zai ɗauka salla na goge bashi. Ka kuma sa ɗalibi ya maimaita mas'alar ba tare da misalin ba. In ya kasa, hoton ya riƙe, hukuncin bai shiga ba.

Zatin Allah kuwa ba a buga masa misali. Suratun Nahli, aya ta 74, ta hana, Suratush Shura, aya ta 11, ta ce babu abin da ya yi kama da Shi. Masu kwatanta yadda Allah ke ganin bayinSa da kyamarar tsaro su daina, ko da niyyarsu kyakkyawa ce.

Batun nazariyya: zato hawa-hawa ne. Wanda aka gina a kan dalili ana aiki da shi, ijtihadin fiƙihu ma a kan rinjayen zato yake. Turawa sun daɗe suna danganta maleriya da gurɓatacciyar iskar fadama, sai a 1897 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro, a Indiya. A kan wannan ake raba gidan sauro a yau. Don haka ka koyar, amma ka bambanta wa yara abin da gwaji ya tabbatar da wanda masana ke ci gaba da bincike a kai. Kada ka fassara aya da nazariyyar da ba ta tabbata ba, domin ranar da aka sauya ta, yaro zai zaci ayar ce ta samu matsala.

Allah ne Mafi sani.