Ina zan samu tarihin lissafi a wayata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Mabera, nan Sakkwato. Yara sun dame ni da tambayar wa ya ƙirƙiro aljabara, ni kuwa amsar da nake da ita ba ta wuce layi biyu ba. Wayata ƙaramar Android ce, data kuma sai a hankali. Ina zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Buɗe Chrome ka rubuta MacTutor. Shafi ne na Jami'ar St Andrews da ke Sikotilan, wanda malamai biyu, John O'Connor da Edmund Robertson, suka assasa, kuma yana ɗauke da tarihin masana lissafi dubbai. Kyauta ne, babu rajista, kuma kusan duk rubutu ne zalla, don haka ba ya zuƙe data kamar YouTube.

Fara da al-Khwarizmi, haka za ka rubuta sunan. A Bagadaza ya yi aiki, wajen shekarar 820 ya rubuta littafinsa kan "al-jabr wal-muƙabala", inda kalmar aljabara ta samo asali. Abin da zai kama hankalin ɗalibanka shi ne, kaso mai tsoka na littafin nan lissafin wasiyya ne da rabon gado. Yaron da ya taɓa jin malamin zaure yana fitar da sumuni da sudusi zai gane cewa x ɗin da kake rubuta masa a allo ba baƙo ba ne a gidansu.

Batun data kuwa, in shafin ya buɗe, taɓa ɗigo ukun nan na sama a dama, sannan ka danna kibiyar da ke kallon ƙasa. Shafin zai sauka a wayar, ka karanta shi a aji ko da babu sabis. A cikin ɗigo ukun akwai wurin fassara, kuma Hausa na ciki, amma kada ka sake ka karanta wa yara fassarar kai tsaye. Tana kwafsawa sosai a kalmomin lissafi. Gara ka karanta Turancin ka warware musu da bakinka.

Tsofaffin littattafai kuma archive.org ne rumbunsu. Sai dai a kula: PDF ɗin da aka ɗauka a hoto yakan yi nauyi, duba girmansa kafin ka danna, ko ka jira garaɓasar datar dare.

Akwai wani namu da nake son ka nema: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, Bakatsine, wanda ya yi rubutu kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Zana musu mai gida tara a allo: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina suka haɗa, tsaye ko kwance ko a karkace, 15 za su samu. Wajen nemansa ka gwada rubutun sunan iri-iri, har da na Larabci, domin kowane shafi da yadda ya rubuta shi. Kuma intanet ba ta gama kwashe abin da ke cikin gafakar malamanmu ba. Kai da ke Sakkwato, ka leƙa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ka tambayi ma'aikatan wurin game da rubuce-rubucen hisabi.

Tambaya: An turo mana a WhatsApp cewa Larabawa ne suka ƙirƙiro sifiri. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Amsa: Malama, an haɗa gaskiya da ƙari. Sunan dai daga Larabci muka aro shi, amma Brahmagupta, mutumin Indiya, ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifiri tun 628, kusan shekara 200 kafin littafin al-Khwarizmi. Malaman Musulmi sun karɓi lambobin Indiya, suka yi aiki da su, ta hannunsu kuma suka isa Turai. Ki nemi Brahmagupta a MacTutor, ki tura wa ƴan zauren naku adireshin shafin.